Digirin Farko a Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Karatu da Turanci, Aiki da Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi karatun ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, a matakin digirin farko a jami'o'in Nijeriya, ta fuskar ɗalibin da Hausa ce harshen gidansu. Ta bi sawun abin da ɗalibi ke zato sa'ad da ya cike fannin a fom ɗin JAMB, da abin da yake tararwa a aji, da kuma aikin da ke jiransa bayan ya gama. Hujjar maƙalar ita ce, babban abin da digirin ke bai wa ɗalibi shi ne horo a kan awo da tantance hujja, amma ana ba shi horon da Turanci a kan mutanen wata nahiya, alhali aikin da zai yi na sauraron mutanensa ne da Hausa. Maƙalar ta kawo shawarar a yi amfani da kason da sabuwar manhaja ta bar wa jami'o'i, da kuma kundin kammala digiri, wajen cike wannan giɓi.

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa karɓar 'yan aji ɗaya a sashen saikoloji ya san tambayoyi biyu da ke biyo ɗalibi daga gida. Ta farko ta iyaye ce: "Wato likitan mahaukata za ka zama?" Ta biyu ta abokai ce: "To, faɗa mana abin da muke tunani yanzu." Babu wadda ta dace da abin da zai karanta, amma ban ga laifin masu yin su ba, domin fanni ne da har yau ba mu tsayar masa da suna guda a Hausa ba. Gidajen rediyo kan ce ilimin halayyar ɗan Adam. Malaman da suka taso ta Larabci su ce ilmun nafsi. Ɗalibai a tsakaninsu saikoloji kawai suke cewa. Kalmar "hali" ta fi karkata ga ɗabi'ar da mutum ya ginu a kanta, shi ya sa ake cewa hali zanen dutse, amma fannin yana nazarin yadda ido ke gane launi, da yadda jariri ke koyon magana, da yadda mantuwa ke aukuwa, kuma ba wanda zai kira waɗannan hali. Zan riƙa amfani da sunayen biyu da suka fi yaɗuwa, tare da sanin cewa kowanne ya kama wani abu ya saki wani.

Wannan rashin suna shi ne ƙofar batun da nake son gabatarwa a wannan maƙala. Fannin da masu shi ba su iya bayyana shi ga iyayensu da harshen iyayen ba, akwai sauran aiki a gabansa.

2. Zuwan fannin Nijeriya da hanyar da ya bi zuwa Arewa

Ana ƙirga mafarin saikoloji a matsayin kimiyya mai zaman kanta daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta Jamus. Kafin nan batun hankali da tunani yana hannun masana falsafa. Abin da Wundt ya ƙara shi ne agogo da ma'auni: tsawon lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli, alal misali. Tun daga tushe ke nan, awo ne ya raba wannan fanni da hira a kan halin mutane.

A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen saikoloji a 1964, Legas ta biyo baya a 1969, Ibadan a 1976. Shekaru goma kafin Nsukka, a 1954, likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na ƙauyen Aro a Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Lambo likita ne, ba masanin saikoloji ba, amma ya nuna tun da wuri cewa ba a raba jinyar hankali da al'adar mai jinya.

Arewa ta karɓi fannin ta wata ƙofa daban, wato ƙofar horar da malamai. Dubban malaman firamare da sakandare da suka yi NCE ko digirin ilimi a Zariya da Kano da Sakkwato sun haddace karen Pavlov da matakan Piaget a darasin saikolojin ilimi. Cikakken digirin saikoloji kuwa, a ƙarƙashin tsangayar kimiyyar zamantakewa, an fi saninsa a Jos da Makurɗi da Keffi, sai kuma makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna da ta 'yan sanda da ke Wudil. Shekaru da dama ɗan Katsina ko Zamfara da ke son wannan digiri sai ya bar jiharsa. Ga namiji wannan kuɗin mota ne da na haya. Ga 'ya mace sau da yawa shi ne ƙarshen maganar, kuma mata ne aka fi buƙata a aikin, domin akwai abin da matar aure a cikin gida ba za ta faɗa wa namiji baƙo ba ko da zai kashe ta.

3. Abin da ke cikin shekaru huɗu

Wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB shekara huɗu zai yi, wanda ya zo da babbar takarda ya shiga aji biyu kai tsaye ya yi uku. A cikinsu zai ratsa tarihin fannin, da aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da girman ɗan Adam daga ciki zuwa tsufa, da koyo da tunawa, da halayyar mutum a cikin jama'a, da cututtukan hankali, da saikolojin ma'aikata, da gwaje-gwajen basira. A ƙarshe ya yi aikin sanin makama a asibiti ko wata hukuma, ya rubuta kundi.

Inda ɗalibai suka fi karaya shi ne darasin ƙididdiga da na hanyoyin bincike. Da yawansu sun gudo daga lissafi ne tun sakandare, suna zaton sun sami fannin da za a zauna a yi ta tattauna sirrin zuciya, sai ga allo cike da alamomi. Na sha jin ɗalibi na cewa da ya san haka ne da bai zo ba. Ra'ayina shi ne waɗannan darussa biyu su ne ƙashin bayan digirin, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibi haka tun makon farko, a kuma nuna masa dalili da misalin da ya sani.

Ga misali. Wata cibiya ta ce ta karɓi matasa masu shaye-shaye, bayan wata uku yawancinsu sun samu sauƙi. Wanda bai yi darasin hanyoyin bincike ba zai ce madalla. Wanda ya yi zai tambaya: mutum nawa aka karɓa, nawa suka gudu kafin wata ukun, da me aka auna sauƙin, wa ya auna, kuma da wa aka kwatanta su? Zai kuma tuna cewa iyaye kan kai yaro neman taimako ne a lokacin da abin ya fi ƙamari, kuma abin da ya kai ƙololuwa yakan ɗan sauko ko an yi magani ko ba a yi ba. Idan babu rukunin kwatanci, ba a san rabon cibiyar a cikin sauƙin ba. Wannan irin tambaya ita ce dukiyar da ɗalibi ke fita da ita, kuma tana amfani a asibiti da kotu da kamfani da ɗakin labarai.

Fannin ma ya juya wannan tambaya a kan kansa. A 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta wallafa sakamakon sake gwada bincike 100 da aka buga a manyan mujallun saikoloji uku. A asali 97 daga cikinsu sun ba da sakamako mai ƙarfin ƙididdiga. Da aka maimaita, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake bayarwa. Ina ganin ya dace ɗan aji biyu ya san wannan labari, domin ya daina ɗaukar abin da ke cikin littafin aji kamar nassi, ya kuma ga cewa kimiyya tana da hanyar kama kuskurenta.

Akwai kuma abin da digirin ba ya bayarwa, wanda ɓoye shi zalunci ne. Mai digirin farko ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, kuma bai isa ya buɗe ɗaki ya ce yana duba marasa lafiya ba. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya gama karatun likita na shekara shida sannan ya yi shekarun ƙwarewa. Masanin saikolojin asibiti sai ya yi digiri na biyu da horo a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Mai digirin farko yakan samu kansa a sashen kula da ma'aikata, ko ƙungiyoyin agaji, ko gidan gyaran hali, ko hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ko aji yana koyarwa, ko kuma yana tattara bayanai ga masu bincike.

4. Su wa aka gwada?

A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallu shida na fannin daga 2003 zuwa 2007, ya ga kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken a kansu Amurkawa ne. Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu, a maƙalarsu ta 2010, sun jawo hankali ga cewa kashi 96 sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda ke ɗauke da kashi 12 kacal na mutanen duniya. A ɗaya daga cikin mujallun, kashi 67 na rukunan Amurkawan da aka gwada ɗalibai ne masu ɗaukar darasin saikoloji a jami'a. Wato ɗalibinmu na Keffi, idan ya buɗe littafi ya karanta "mutane suna yin kaza", sau da yawa labarin takwaransa na Amurka yake karantawa.

Wani zai ce ai ɗan Adam ɗaya ne. A wasu abubuwa haka ne. Amma ko a gani da ido an sami bambanci. Akwai wani sanannen zane na layuka biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da kan kibiya a waje, ɗaya a ciki, wanda ke sa mutum ya ga ɗaya ya fi tsawo. Segall da Campbell da Herskovits sun gwada shi a al'ummomi da dama, suka wallafa a 1966. Ɗaliban Amurka sai an ƙara wa layi ɗaya kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa kafin su ga sun daidaita, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar zanen ke ruɗarsu. Idan ido ma yana koyo daga muhalli, ina ga tarbiyya da kunya da kishi?

Bari in tsaya a kan misali guda da ya shafe mu kai tsaye. A aji biyu ana koya wa ɗalibi ra'in shaƙuwar jariri da uwa na John Bowlby da Mary Ainsworth, da gwajin nan na kimanin minti ashirin inda ake barin jariri da baƙuwa a ɗaki, uwar ta fita ta dawo, a duba yadda ya tarbe ta. Ana kuma koya masa cewa uwa mai kulawa ita ce mai kallon idon ɗanta, mai yi masa wasa, mai kiran sunansa. To ɗalibin nan, in ɗan fari ne a gidan da ke riƙe da al'ada, mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wataƙila ma kaka ce ta yaye shi ko gwaggo ta riƙe shi. Mary Smith ta rubuta wannan kunyar ɗan fari daga bakin Baba ta Karo a littafin da ya fito a 1954, kuma har gobe akwai ta. Me ɗalibin zai yi da abin da ya karanta? Ko dai ya yanke cewa mahaifiyarsa ta gaza, wanda ya san ƙarya ne, ko ya yanke cewa karatun na cin jarrabawa ne kawai, ba ruwansa da rayuwa. Yawancinsu na biyun suke zaɓa, kuma a nan ne muke asarar su a matsayin masana.

Abin takaicin shi ne akwai hanya ta uku a cikin fannin kansa, ba a dai kai ta aji ba. Ainsworth a Yuganda ta fara aikinta, a 1954 zuwa 1955, a cikin gidajen Baganda kusa da Kampala, kafin ta je Baltimore. A 1977 kuma Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da Robert LeVine da Sarah LeVine, sun wallafa nazarin jarirai 18 a gidajen Hausawa. Sun ga kowane jariri yana da masu reno kusan huɗu, yana nuna shaƙuwa ga uku ko huɗu daga cikinsu, amma yana da guda da ya fi jingina gare shi, wato wanda ya fi ɗaukarsa. Ra'in bai rushe ba, faɗaɗa ya yi. Jarirai 18 kaɗan ne, kuma an daɗe da yin aikin. Gidan Bahaushe ya sauya: ga gidajen haya na mata da miji kaɗai, ga uwa ma'aikaciya, ga 'yar aiki, ga waya a hannun yaro. Wannan bincike ne da ke kiran a maimaita shi, kuma ba wanda ya fi dacewa da shi kamar ɗalibar da za a bari ta shiga har ɗakin mai jego.

Haka littafin Robert LeVine na 1966 a kan ƙwazon neman ɗaukaka, wanda ya kwatanta ɗaliban sakandare Ibo da Yarabawa da Hausawa ta hanyar nazarin mafarkansu da rubutunsu, ya kuma sa Hausawa a ƙasa wajen wannan ƙwazo, a sama wajen biyayya. Ina son ɗalibanmu su karanta shi da idon da darasin hanyoyin bincike ya ba su, ba da fushi ba. Su wane ne ke makarantar boko a Arewa a farkon shekarun 1960? Ɗan kasuwar da ke kai fata daga Kano zuwa Gwanja ya dawo da goro yana cikin waɗanda aka gwada? Yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa faɗin burinka a fili rashin kunya ne, zai rubuta wa baƙo burinsa a takarda? Ƙaramin misali ma, kallon ido. A takardun duba mara lafiya akan rubuta cewa ba ya haɗa ido, a matsayin alama. A gidanmu yaron da ya ƙura wa babba ido shi ne abin tuhuma.

5. Harshen da zuciya ke magana da shi

Ɗalibi ya koyi sunayen cututtuka da alamominsu da Turanci. Ranar da ya je aikin sanin makama a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, wadda za ta zauna a gabansa cewa za ta yi gabanta na faɗuwa, ko zuciyarta ta ƙuntata, ko kanta na yi mata zafi kamar ana hura wuta, ko wani abu na yi mata yawo a jiki, ko tunani ya yi mata yawa. Hausa ba ta da talauci a nan. Akwai damuwa, da baƙin ciki, da ɓacin rai, da takaici, da ƙunci, da haushi. Akwai tsoro, da fargaba, da zullumi, da firgici, da razana. Kowane Bahaushe ya san takaici daban yake da baƙin ciki, ya san zullumi na abin da bai zo ba ne, razana kuwa ta abin da ya faɗo ba zato. Abin da ba mu yi ba shi ne mu zauna mu auna yadda waɗannan kalmomi ke rabuwa a bakin mutane, da wacce ke nuna wucewar yanayi da wacce ke nuna ciwo. "Ciwon damuwa" da kafafen watsa labarai suka yaɗa ya taimaka, amma ga mutane da yawa damuwa abu ne da kowa ke da shi, mai cewa tana kwantar da shi kuma rashin tawakkali ke damunsa.

A ɗauki takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ake amfani da ita ko'ina wajen gano ciwon damuwa. Tambaya ta biyu tana neman sanin ko mutum ya ji ya yanke ƙauna. Ga Musulmi wannan lafazi yana da nauyin addini, domin yanke ƙauna daga rahamar Allah babban laifi ne, saboda haka amsar da za a samu ita ce "A'a, alhamdu lillahi", ko da mai amsar ta kwana tana kuka. Tambaya ta tara tana tambayar ko mutum ya yi tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. Ana yin ta ne a yankin da addini ya haramta kashe kai, sashe na 231 na dokar Final Kod kuma ya tanadi hukunci ga wanda ya yi yunƙurinsa. Fassara kalma da kalma, ko da an mayar da ita Turanci an ga ta yi daidai, ba ta warware wannan. Sai an gwada lafazi daban-daban a kan mutane, an kwatanta da binciken ƙwararre, an ga wanne ke buɗe baki wanne ke rufe shi. Mutanen da amsar gaisuwarsu "lafiya lau" ce ko a gadon asibiti, tambayarsu sana'a ce da sai an koya.

Wasu sun riga mu. A 1960 Raymond Prince ya bayyana wani ciwo a tsakanin ɗaliban Nijeriya, na zafin kai da gajiyar ƙwaƙwalwa da kasa riƙe karatu, wanda ya samo sunansa daga bakin ɗaliban kansu. A Zimbabuwe an gina ma'aunin alamomi da harshen Shona, a kan kalmomin da marasa lafiya ke faɗa, kuma kalmar da ta yi fice a can, kufungisisa, ma'anarta yawan tunani, daidai da abin da matanmu ke cewa. A 2004 wasu masu bincike daga Kano sun tambayi manya 250 a ƙauyen Karfi abin da ke jawo taɓin hankali. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka ce shaye-shaye, sai masu cewa fushin Allah ko ƙaddararsa, sai masu cewa iskoki, kuma waɗanda suka fifita asibiti sun fi waɗanda suka fifita maganin addu'a yawa. Wannan ya saɓa wa zaton da ɗan boko ke yi cewa mutanen ƙauye aljanu kawai suka sani.

Akwai kuma gadon da ɗalibi ya zo da shi daga makarantar allo da ta zaure. Tun a Ahalari ya ji hassada da riya da jiji da kai. Wanda ya yi nisa ya karanta bayanin Imam Gazali a kan zuciya da cututtukanta. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan kula da jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke zuwa ba dalili, ya kuma yi bayanin waswasi. Malik Badri, masanin saikoloji ɗan Sudan da ya rasu a 2021, ya fassara sashen rai na littafin zuwa Turanci, kuma tun 1979 ya yi rubutu a kan tsaka-mai-wuyar da masanin saikoloji Musulmi ke ciki. A ɓangaren al'ada, laccar Anthony Kirk-Greene da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki ta jero siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Sai dai a nan ina da gargaɗi ga 'yan'uwana masu kishin gida. Karin magana ba sakamakon bincike ba ne. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to wannan hasashe ne da za a iya gwadawa, kuma a al'ummar da ke yabon mai haɗiye fushi yana iya faɗuwa a gwajin. Siffofi goma na Kirk-Greene ra'ayin masani ne da ya tattara daga adabi da zama da mutane. Ko goma ne a zukatan Hausawan yau, ko kunya da kara abu guda ne, ko haƙuri yana kare mutum daga ciwon damuwa ko yana ɓoye shi ne har ya yi tsanani, duk tambayoyi ne da ke buƙatar ƙididdigar nan da ɗalibai ke gudu. Ni na fi zargin cewa haƙuri yana yin duka biyun, gwargwadon ko mai haƙurin yana da wanda yake kai wa kuka.

6. Aikin da ke jira

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kimanin miliyan uku daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu, ga kuma abin da 'yan bindiga ke yi a Zamfara da Katsina da Sakkwato. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje ba duka ne marasa tausayi ba, da yawansu sun rasa inda za su kai su ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200.

Ba za a horar da likitocin da za su ishe mu a wannan zamani ba. Abin da Dixon Chibanda ya yi a Harare shi ne ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa su zauna a benci a harabar asibiti, su yi zama shida da mai damuwa a kan warware matsala mataki-mataki. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi rukunin kwatanci samun sauƙi bayan wata shida. Irin wannan tsari yana buƙatar mai horarwa, da mai bibiya, da mai riƙe bayanai, da mai gane lokacin da ya kamata a tura mutum wurin likita. Gurbin mai digirin farko ke nan, in har ya iya yin aikin da harshen mutanen.

7. Inda za a sa hannu

Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Shawarata ga sassan da ke koyar da ɗaliban Hausa ita ce a ware wani ɓangare na wannan kaso ga darasi biyu. Na farko a aji biyu, a kan kalmomin hankali da zuciya da ɗabi'a a Hausa, a koyar da shi tare da malaman sashen harsunan Nijeriya, waɗanda ke da tarin kundaye a kan kunya da bori da magungunan gargajiya da ba mu taɓa buɗewa ba. Na biyu a aji uku, a kan fassara ma'auni da tabbatar da ingancinsa, da yin hira da Hausa, inda za a ɗauki muryar ɗalibi yana tambaya a saurara tare a gyara. A sashen da ke da Tibi ko Barebari ko Fulani da yawa, sai a yi haka da harshensu.

Sai kundin kammala digiri, wanda a yanzu yawanci takardar tambayoyi ce ta Turanci da ɗalibi ke raba wa 'yan ajinsu, wato muna maimaita a gida abin da Arnett ya ƙirga a Amurka. Da sashe zai tsayar da tambaya guda na shekara biyar, misali reno da shaƙuwa a gidajen Hausawa, ya raba ta ga ɗalibai, wannan ta ɗauki gidan gandu a ƙauye, wannan gidan haya a birni, wancan sansanin 'yan gudun hijira, duk da ma'auni ɗaya, da an tara abin da zai isa bugawa. Wannan yana jawo nauyin amana. Takardar neman izini ta zama da Hausa, a boko da ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu. A san cewa sallamar mai unguwa da yardar maigida suna buɗe ƙofa ne kawai, yardar matar da za a tambaya daban take. Kada a tura ɗan aji huɗu ya tono wa wadda ta ga an kashe mijinta abin da ya wuce, sai an tanadi wanda za a miƙa ta gare shi. A kuma wajabta wa kowane ɗalibi tsakure na shafi guda da Hausa a gaban kundinsa, ya koma ya karanta shi ga mutanen da suka ba shi lokacinsu, ya rubuto abin da suka ce a kai, mai jarrabawa na waje ya tambaye shi wannan a ranar kare kundi.